Foldar da Na Wanke

Litinin, 7 ga Afrilu, 2025

Yau na fara zuwa cibiyar koyon kwamfuta ta bayan tasha, nan Kazaure. Kyauta ne. In an gama zangon farko za a tace, a zaɓi masu wucewa na biyu. Yaya Lado ya yarda in riƙa ajiye masa adaidaitarsa da azahar in tafi, amma da sharaɗi. Ya ce, "In ba su ɗauke ka ba, Sabiru, ka dawo kan tuƙi safe da yamma. Ba zan ciyar da mai danne-danne ba." Bai yi ƙarya ba, yamma ce lokacin fasinja.

Malaminmu Malam Zaharaddin, siriri mai tabarau, rabin maganarsa Turanci. Ni kuwa aji huɗu na tsaya a firamaren garinmu, can Roni. Linzamin kwamfutar nan ya raina ni. In na tura kibiya gabas sai ta yi arewa. Wata Jannatu da ke kujerar kusa da ni ta ce, "Malam direba, ba birki ba ne, sassauta masa."

Alhamis, 10 ga Afrilu

Ba wuta, inji ya ƙi tashi. Fifita muka yi muka watse.

Laraba, 16 ga Afrilu

An shiga abin da suke kira Python. Ka rubuta wa kwamfuta umarni, ta bi. In ka kuskure ta watso maka jan rubutu.

Ina jin na gano hanya. Ashe duk karatu ɗaya ne da na allo: a rubuta maka, ka yi ta nanatawa har ya zauna, ka biya wa malam, ka wanke, a ɗora maka na gaba. Haka nake yi. Malam ya rubuta a bango, ni in haddace. Da safe ina tuƙi ina biyawa. Wata tsohuwa da na ɗauko daga asibiti ta zaci wuridi nake, har tana cewa amin.

In na buga shi da ka, Malam ya leƙo ya ce ya yi, sai in goge, in bi shi kwandon sharar kwamfutar in zubar. 'Yan ajin safe ma da wannan kwamfutar suke aiki, ba daɗi su tarar da tarkacena.

Talata, 22 ga Afrilu

Zafi. Taya ta yi faci a hanyar kasuwa, na makara. Idona yaji yake.

Laraba, 30 ga Afrilu

Malam ya juya tambaya. Wanda muka yi da, in ka ba shi maki zai ce an ci ko an faɗi. Yau ya ce a ƙara na tsakiya, mai gyara. Na zauna ina kallon fuskar kwamfuta. Haddar tana nan daram, amma ba ta san wannan ba. Jannatu ta gama nata tana cin gyaɗa a ɓoye. Na jira Malam ya rubuta amsa, na haddace ta ita ma.

Wani abu bai yi mini daɗi ba. Ban san ko mene ne ba.

Litinin, 12 ga Mayu

Inna lillahi.

Malam ya ce tacewar ba jarrabawa ba ce. Zai bi foldar kowa ya ga duk aikin da ya tara tun farko. Ya fara zagaye tun yau don ya ga inda aka kwana. Ya buɗe tawa, mai suna Sabiru Roni. Fes.

"Ina aikinka?"

"Na wanke, Malam."

"Ka yi me?"

Na yi masa bayani yadda nake yi. Aji ya fashe. Wani daga baya ya ce, "To ka sha rubutun kuwa?" Malam bai yi dariya ba. Ya cire tabarau ya murza ido, ya ce shi ma ya yi allo, amma a nan ba a wankewa, a kan tsohon aiki ake gina sabo. Ya ce ai tun ranar farko ya ce kowa ya riƙa ajiya a foldarsa. Gaskiya ne, ya faɗa, kuma na ajiye. Bayan biyawa nake gogewa. Ban taɓa tunanin abin tambaya ba ne.

Ya ba ni zuwa Litinin mai zuwa. Ban gaya wa Yaya ba.

Talata, 13 ga Mayu

Ina ta sake bugawa da ka. Na farko-farkon sun fito sumul. Na tsakiya sun cakuɗe, kan wannan ya hau gindin wancan. Jan rubutu kamar an yanka kaza.

Jannatu ta turo mini filashinta ta ƙarƙashin tebur. "Kwafi nawa ka canza suna, kar ka mutu a nan." Na buɗe na gani. Duk ta cika gefe da bayani cikin Turancin da ko karantawa ba na iyawa. Malam zai gane kafin ya zauna. Na mayar mata. Ba kirki ba ne ya hana ni, tsoro ne.

Alhamis, 15 ga Mayu

Aikin nan da ke tsamo lamba mafi girma a cikin jeri ya ɓace mini gaba ɗaya. Ko layi ɗaya babu. Shi ne kuma Malam ya ce dole ya gani. Na gaji wallahi. Tuƙi aƙalla in ka kai mutum ka kai shi.

Asabar, 17 ga Mayu

Yaya ya ja ni Babura dubo ragon layya tun kafin su yi tsada. Ba na so, na bi. Rana, ƙura, 'yan Nijar da garkunansu. Shi Yaya ba ya sauri. Ya kama igiyar ragon farko ya ce, "Wannan dai tukuna." Ya ja shi zuwa kusa da na gaba, ya jera su. Na gaban bai kai ba, ya wuce. Da ya tarar da wanda ya fi, ya saki na hannunsa ya kama sabon. Mai ragon yana ta mita, "Alhaji, saya za ka yi ko yawo kake kai shi?" Haka har ƙarshen layi. Wanda ya rage a hannunsa shi ne babban.

Na tsaya cak har wani ya buge ni da kara. A mota na rubuta a wayata da Hausa: riƙe na farko, duba na gaba, in ya fi saki ka kama. Yaya ya ce da wa nake hira ina ta murmushi. Na ce ba kowa.

Bai ma sayi ragon ba.

Litinin, 19 ga Mayu

Na mai da shi Python kafin Malam ya iso kaina. Sau da yawa ya watso ja. A ƙarshe na ba shi lambobi ya tsamo babbar.

Malam ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Wannan ba irin wanda na rubuta ba ne. Me ye kuma na_hannu?"

Na ce, "Wanda aka riƙe ne, Malam, kamar rago a kasuwa."

Ya share lambobin duka, ya bar jerin babu kome, ya danna. Ja. Ya ce, "In ka je kasuwa ba ka tarar da kome ba fa?" Ya ce foldata rabi ce, wasu ma ba sa tashi. Ya wuce kujerar gaba.

Laraba, 21 ga Mayu

An karanta sunaye. Jannatu tana ciki. Nawa ne na ƙarshe, kuma da sharaɗin gwaji, in ban kama ba a sallame ni. Yaya ya ce, "Gwaji kuma? To Allah ya kyauta." Bai karɓe yammar ba dai.

Ban ji wata murna ba. Bayana ke ciwo.

Na jerin da babu kome har yanzu ja yake. Malam bai rubuta amsa ba, ni ma ban roƙa ba. Na bar shi a folda haka nan da jansa, 'yan safe su gani in sun ga dama. Yau na wuce fasinja a bakin asibiti suna ta ɗaga hannu, ban lura ba sai da na yi nisa. Ina jin sai an fara tambaya ko akwai rago kafin a miƙa hannu. Ban tabbata ba. Gobe zan ɗan je da wuri, don fanka kawai.