An Sauke Mini Waƙa

Asabar, 13 Afrilu 2024

Repetisiyon, wato gwajin kiɗa, na farko bayan Salla. Yaya Idrisa ya zo muna da baƙo, Abdoulkadir, tsohon soja, wai cikin mabusan bariki ya yi sarwis a Yamai har ya aje aiki ya dawo Madawa. Kowa Sarzan, Sarzan. Ya buɗe akwati ya fiddo tarompet. Ni dai ƙaho nike ce mata.

Shekara da shekaru ƙungiyarmu Amon Tarka na kiɗa da gitar Yaya, bas ɗin Salim tela, kalangun Mahaman da muryata. Ba mu taɓa rasa ƙaho ba balle mu neme shi. Ba wanda ya shawarce ni.

Mutumen shina da ladabi, har ya yi yawa. "Madam Zali, na daɗe ina jin ki a radiyo." To.

Talata, 16 Afrilu

Ƴan ajina sun gajisshe ni yau, ga zafi. Na sha citta da zuma.

Asabar, 20 Afrilu

Sun taɓa "Matan Urno". Waƙata, wadda na yi ma innarmu da ƙawayenta masu sussuka. Da can da gudu take tafiya, in ɗaga murya har mata su yi guɗa. Yanzu Salim ke buɗe ta da bas, dum, dum, kamar mai jan ƙafa, Mahaman na bugu shina barin rami tsakani. Sarzan ya ce wanga shi ne fonk. Can ya ce jaz, can ya ce sol. Na ce mishi mu nan waƙa muke ce mata.

Kuma sun sauke ta. Ina kamawa na ji ta ƙasa da inda na sani. Na tambayi Yaya, ya ce don ƙaho ne, ba shi jin daɗin can sama. Ƙaho ba shi jin daɗin sama? Ni aka maida yarinya.

Alhamis, 25 Afrilu

Baiti biyu sunka cire. A wurinsu Sarzan ke busa, ni ina tsaye da mikoro a hannu kamar mai jiran mota.

Lahadi, 28 Afrilu

Na yi ta tunani. In kana son fidda mawaƙiya ba tare da ka kore ta ba, ƙaƙa za ka yi? Ka rage mata baiti. Ka sauke waƙar inda muryarta ba ta haske. Ka saba ma mutane da rawa ba tare da ita ba. Ran da ba ta zo ba, ba mai tambaya.

Yaya ba shi da wannan wayon. Wani ke sa shi.

Laraba, 1 Mayu

Ba lakkol yau, makaranta na hutu. Na kai ma Salim atamfa ya ɗunka mini. Bayan keken ɗunki na ga bafil ɗinmu na ƙara sauti da wayoyi, da akwatin ƙahon an rufe shi da zane. Ya ce ajiya ce. Bai dube ni ba, allura yake ta nema alhali tana bakinshi.

Alhamis, 9 Mayu

Na kama su.

Bayan la'asar na bi ta rariyar bayan shagon Salim. Tun daga wurin masu ɗaurin buhunan albasa nike jin bas. Na tsaya jikin bango, ban shiga ba. "Matan Urno" suke yi, su huɗu, ba ni. Ƙaho ke bin layina, baƙi bayan baƙi, har ɗan karkacen da nike yi a ƙarshe ya iya. Ashe ya daɗe shina sace ni da kunne.

Sai Yaya ya tsaida su. Ya ce, "Nan ne ba ta kaiwa. Sarzan, nan za ka tsaya kusa."

Salim ya ce ko a ƙara saukewa. Yaya ya ce za ta gane. "Kada wanda ya faɗa mata."

Na dawo gida. Ba ta kaiwa. Ni.

Lahadi, 12 Mayu

Ban ce musu komi ba. Juma'a muna da wasa a Buza, bukin ƙungiyar mata manoma. Can za su ji.

Asabar, 18 Mayu

Ban san ta inda zan fara ba.

Fili ya cika, har daga Allakaye mata sunka zo cikin amalanke. Da munka zo ga "Matan Urno" ban jira Salim ba. Na kama ta ni kaɗai, can sama, inda take tun asali. Na ga Yaya ya zare ido, ya yi sauri ya canza hannu bisa gita. Baitin farko lafiya. Na biyu na ji maƙoshina kamar an zuba rairayi, na ci gaba. Da na zo wurin hawan nan, na buɗe baki, iska kawai ta fito.

Ko ƙyaftawar ido ba a yi ba ƙaho ya ɗauka daidai inda na faɗi. Ya kai sautin sama, ya riƙe shi, ya sauko da shi a hankali kamar mai sauke tulu daga kai. Salim ya shigo da nauyinshi, Mahaman ya bi. Mata sunka yi guɗa, sunka cika fili da rawa. Wata tsohuwa ta zo ta kama hannuna tana cewa sabon salon nan ya yi, wai na bar ma ƙarfe ya ƙarasa mini magana.

Ba wanda ya gane. Su huɗun nan kaɗai.

Abin da ya fi ci mini rai: a shirye suke. Faɗuwata sunka yi ta koyo a shagon Salim.

Munka kamo hanyar Madawa a mota. Sarzan ya miƙo mini gorar ruwa, na ƙi.

Laraba, 22 Mayu

Yaya ya zo gida da hantsi, ya zauna bisa turmi kamar yadda yake yi tun muna yara. Na ce tun yaushe ya lura da muryata. Ya ce tun bara, wasan Galma. Ya ce ko a waya in na kira shi bayan na taso daga aji, sai ya ɗauka innarmu ce.

Na ce mi ya hana ka faɗa mini, Yaya?

"Da na faɗa, da kin aje waƙa ranar. Na san ki."

Shi ya je ya nemo Sarzan, ba Sarzan ya nemo mu ba. Haka dai ya ce. Wai da farko mutumen ƙi ya yi, ya ce ba shi shiga tsakanin wa da ƙanwa. Ban san ko in yarda ba. Ko da gaskiya ne, a bayana anka yi, kuma kiɗan ya yi musu daɗi, na ga fuskar Salim a Buza. Kada su ce duk don ni.

Na ce mishi ya tashi, ina da wanki.

Lahadi, 26 Mayu

Na je asibiti jiya, lokotoro ya leƙa maƙoshina. Ya ce igiyoyin muryar sun gaji, aji da safe, waƙa da marece. In rage ihu, in sha ruwa, in yi shiru in na samu hali. Na tambaye shi ko za ta dawo yadda take. Ya ce murya ba ta komawa baya, amma ba ta ƙare ba.

Ko shi ma Yaya ya riga ni wurinshi? Ban tambaya ba.

Asabar, 1 Yuni

Sun tafi Keita ba ni, ni na ce ba ni zuwa. Na yi ta jiran a kira a ce mutane na tambayata. Da marece Salim ya turo mini ɗan abin da anka ɗauka da waya. Sun buga "Matan Urno" ba waƙa. Wurin baitina ƙaho bai shiga ba. Bas da kalangu kawai, wurin a buɗe, har matan Keita sunka fara rerawa da kansu.

Na saurara sau da yawa, don in ga inda sunka yi kure.

Talata, 4 Yuni

An yi ruwan farko jiya, gari ya yi sanyi. Ina shara wata waƙa ta zo mini, kan masu fita shuka. Can ƙasa ta zo, inda ban taɓa neman muryata ba. Kalmominta kaɗan ne.

Da na taso daga lakkol hanya ta biyo da ni ta ƙofar Sarzan. Shina zaune shina shafa ma ƙahon mai. Na rera mishi a tsaye, ban ko aje jaka ba. Ya saurara kanshi ƙasa. Ya ce, "Madam, akwai wuri a tsakiya da kinka yi shiru."

Na ce numfashi nike yi.

Ya ce to.

Na kai bakin rariya na juyo. Na ce mishi Alhamis ya zo repetisiyon da wuri, kuma kada ya busa da ƙarfi a wurin.