Damin Farko na Godiya

Yaya A'i, ina gaishe ki da Inna da mutanen Hawandawaki.

Ina nan lafiya a ƙauyenmu kusa da Lakwaja, sai kewar maigidana Jatau, Allah jiƙanshi.

Mu Kirista bakwai muka fara sujada a gindin tsamiya, Jatau ne ya yi jinkar ɗakin ibadarmu. Kowace kaka ni da shi muke shigar da damin farko na godiya. Bana aka ce sai mai miji, aka ba wata Sa'a da ta zo ƙauyen jiya-jiya. Tana tafe tana dariya, mijinta na gyara mata gammo.

Ba ta yi mani laifi ba, Yaya, amma har yau na kasa amsa gaisuwarta. Ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki, Uwa