Wanda Ya Jera Takalma

Old Airport, Doha
4 ga Nuwamba, 2024

Zuwa ga Yaya Bilqis,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, da Umma da yara da duk mutanen gida. Ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan ƙanenmu Uwais, ya sa ya huta.

Na san za ki ce me ya yi zafi, ga waya a hannu na zauna rubutu kamar 'yar makarantar kwana. Jiya sau uku ina ɗaukar wayar ina ajiyewa. Maganar ta ƙi fitowa ta baki. Zan ɗauki hoton takardar in turo miki.

Kin tuna kwalin kayan Uwais da aka kawo mini daga ɗakinsu na unguwar Mansura? Wata biyu da rabi yana bayan ƙofa, ina kewaye shi kamar ba na gani. Ranar Asabar ba ni da aiki a asibiti, Baban Rahma kuma ya fita, sai na ce bari in ware abin da za a bayar sadaka. Kayan gadinsa kala biyu, jallabiya, darduma, turaren nan nasa mai hawa kai. Can ƙasa na ga littafi an yi masa bango da takardar kalanda, yadda muke yi wa namu a firamare. Na ɗauka na addu'o'i ne. Ashe labari ne na Turanci, irin wanda ake rubuta wa matasa.

Yaya, labarin samari biyu ne 'yan sakandare a wani garin Turawa, suna son juna. Ba son abota ba, kin dai gane. Ɗayan ya yi ciwo ya mutu tun a farkon littafin, sauran shafukan duk na wanda ya rage ne. Ranar jana'iza iyayen mamacin suka ga yana ta kai-komo, suka ce ga yaron kirki, suka ba shi aikin karɓar rigunan sanyin baƙi a bakin ƙofa. Kowa ya miƙa masa riga ya wuce ciki ya yi wa dangi gaisuwa.

Da na fahimci inda labarin ya dosa na yi jifa da shi, na yi a'uzu billahi. Sai kuma na je na ɗauko. Shekarata goma sha huɗu ina aikin nas, na rufe idon mutum nawa ban sani ba, amma littafin yara ya sa ni kuka a kicin har miya ta kama.

Ba labarin ne kaɗai ba. A gefen shafukan akwai rubutun fensir da Hausa, hannu biyu. Ɗaya na Uwais ne, rubutun nan nasa mai kwanciya da Baba ya gaji da faɗa a kai. A shafin jana'izar ya rubuta: "Idan na riga ka, kada ka yarda su tsayar da kai a ƙofa." A ƙasa ɗayan hannun ya amsa: "To a ina zan zauna?"

Na san hannun. Na Ja'afar ne, abokin ɗakinsa, don shi ya cike takardun asibiti ranar da Uwais ya yanke jiki ya faɗi a wurin aiki. Shi ne wanda na yi ta yaba miki a waya. Kwana ukun da muka yi zaman makoki a gidan nan, shi ne mai zuba shayi, shi ne mai miƙa dabino, shi ne mai jera takalman baƙi a bakin ƙofa. Ya durƙusa ya yi mini ya haƙuri. Ni kuwa na ce masa Allah ya ba da lada, na aike shi sayen ruwa.

Ban san me zan yi ba. Ki gaya mini. Kada Umma ta ji.

Ƙanwarki,
Haulatu

Tudun Wada, Zariya
7 ga Nuwamba, 2024

Haulatu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Umma ma da sauƙi, ƙafar ce dai. Ya Rahma da babanta?

Na karanta wasiƙarki kuma raina ya ɓaci, ba zan ɓoye miki ba. Ke da aka ba ki kaya ki raba sadaka, wa ya aike ki karatu? Tun muna yara haka kike, ko ƙunshin ƙosai aka kawo sai kin karanta takardar.

Ki ƙone littafin nan. Yau, ba gobe ba. Yaron nan ya kwanta, Allah ya rufa masa asiri har ya koma gare shi, ke ce za ki tone? Kuma kin fi ni sanin ƙasar da kuke, abu irin wannan ya shiga hannun da bai dace ba, ke kanki sai kin yi bayani. Shi wancan Ja'afar ɗin ki goge lambarsa. Ya yi hidima, Allah ya biya shi, shi ke nan. Gaisuwar mutuwa dangi ake yi wa. Shi da wane suna za ki yi masa?

Tunda kin tono, bari in ƙarasa miki. Kina tsammanin neman abinci kawai ya sa na tasa ki gaba sai kin samo wa Uwais aiki a can? An fara maganganu a unguwa. Ban ga komai da idona ba, ban kuma tambaye shi ba, na dai ce gara ya yi nisa kafin Umma ta ji. Ranar da zai tafi na raka shi tasha, ya tsaya yana kallona kamar zai ce wani abu, na ce masa ya shiga mota kada a cike. Shekara uku ke nan, kuma ita ce ganina da shi na ƙarshe. Wannan nawa ne, ni zan ji da shi. Ke ki ƙone littafin.

Ki gaida mutanen gidan.

Yayarki,
Bilqis

Old Airport
11 ga Nuwamba

Ja'afar,

Assalamu alaikum, ya aiki? Ga tuwon shinkafa da miyar kuka a kula, irin wanda nake aiko wa Uwais ranar Juma'a. Na san rabo biyu kuke yi da shi, don kullum kular tana dawowa kamar an wanke ta da harshe.

Na sa takardar nan a ƙarƙashin murfi saboda ba magana ce ta waya ba. Na ga littafin mai bangon kalanda, na karanta shi, har da na gefe. Ban nuna wa kowa a garin nan ba, Baban Rahma ma bai sani ba. Kada ka tsorata. Tambaya ɗaya gare ni: kai ka sa shi a kwalin don in gani?

Idan za ka amsa, ka sa a kular. Zan biyo ta ƙofar ginin da kake gadi ranar Alhamis bayan la'asar.

Haulatu

Mansura
13 ga Nuwamba

Zuwa ga Anti Haulatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki da girmamawa, tare da Alhaji da Rahma. Na gode da abinci, Allah ya saka da alheri. Ki gafarce ni, ban iya ci ba, na ba mutanen ɗaki.

Wallahi Anti ba ni na sa shi ba. Ina wurin aiki aka ce a kwashe kayan marigayi saboda an kawo sabon mutum gadonsa. Issifu, ɗan Kumasi da ke ɗakinmu, shi ya tattara komai cikin kyakkyawar niyya, har abin da ke ƙarƙashin katifa. Na dawo na tarar an ɗaure kwali an tafi da shi. Tun ranar, duk wanda ya buga ƙofa sai in ɗauka ni aka zo nema. Da na ga takardarki na ce khalas, shi ke nan, ta faru.

Littafin wata mata ce ta bar shi cikin tarkace da za ta tashi daga ginin da Uwais ke gadi. Ya ɗauko don ya gyara Turancinsa. Mu takwas ne a ɗakin, ba wurin da mutum zai yi magana ba a ji ba. Shi yana aikin safe, ni na yamma, to sai ya karanta ya yi rubutu a gefe ya tura ƙarƙashin katifa, ni kuma in zo in amsa. Wata biyar muna haka. Yakan yi wa yaron labarin tsiya, wai ya cika kuka.

Ba zan yi miki ƙarya ba, ba kuma zan yi miki bayanin abin da ba ki tambaya ba. Abin da ke tsakanina da Uwais Allah ya sani, kuma ni ma ina da tawa fargabar game da haɗuwa da Ubangijina. Abin da zan iya faɗa shi ne, ni na riƙe kansa a motar asibiti. A maƙabarta na tsaya a sahun baya. A gidanki na ga idan ban sami abin yi da hannuna ba zan faɗi a gaban mutane, shi ya sa na kama jera takalma. Ban riƙe ki da komai ba. Ai ba ki sani ba, kuma ko kin sani, me za ki ce?

Na gaya wa kafil, mai kamfanin da ya kawo ni, ba zan sabunta kwantiragi ba. Ƙarshen wata zan koma Gusau. Sabon mutumin yana kwana a gadonsa, yana rataye tawul a ƙusar da Uwais yake rataye nasa, ni kuma ba ni da bakin cewa komai.

Littafin ki yi yadda kika ga dama da shi. Idan ƙonawa ce, ba zan ga laifinki ba. Roƙona ɗaya, kada mahaifiyarsa ta ji, kada tawa ta ji.

Na bar ki lafiya.

Naki mai biyayya,
Ja'afar

Old Airport, Doha
18 ga Nuwamba, 2024

Yaya Bilqis,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya ƙafar Umma? A ci gaba da gasa mata da ruwan ɗumi.

Ban ƙone shi ba. Na kunna murhu, na riƙe shi a kai har takardar kalandar ta fara lanƙwasa, na kashe. Rubutun Uwais na ƙarshe da ya rage a duniya ke nan, Yaya. Wayarsa a kulle take, ba wanda ya san lambar.

Na ga Ja'afar ranar Alhamis da na je karɓar kula. Rigar gadin ta yi masa yawa, ya ƙara huda a bel ɗinsa. Yana tsaye a ƙofar gilashi yana buɗe wa masu wucewa, don aikin nasu ba a zama, awa goma sha biyu. Ya miƙo mini kular da hannu biyu, idonsa a ƙasa. Na buɗe baki, sai na ji kaina ina cewa ya zafi. Ya ce zafi ya yi sauƙi. Na shiga mota na kifa kai a sitiyari.

Kada ki ɗauka na zama wata daban. Abin da aka karantar da ke shi aka karantar da ni, kuma ban ce na warware komai a raina ba. Ina sallah ina roƙa wa Uwais gafara, ina jin tsoro, ina jin haushinsa, ina jin haushin kaina da ya yi shekara uku yana cin tuwona ranar Juma'a ban taɓa tambayarsa me ke ransa ba. Hukunci ba a hannuna yake ba, na gode Allah da haka.

Kin tambaye ni da wane suna zan yi wa Ja'afar gaisuwa. Na yi kwana goma ina juya wannan tambayar. A asibiti, idan mutum ya cika, ba na tambayar wanda ke kuka a baranda takardar shaidar dangantaka. Mu mun samu mutum ya fi ɗari sun ce mana ya haƙuri, har waɗanda ba su taɓa ganin Uwais ba. Shi Ja'afar ko ɗaya bai samu ba.

Ke kin ce wa Uwais ya shiga mota. Ni na aiki Ja'afar sayen ruwa. Naki ya wuce gyara, Yaya, kuma wallahi na yi miki kuka a kai. Nawa saura kwana goma sha biyu.

Ki yafe mini in na saɓa miki.

Ƙanwarki,
Haulatu

Zariya
20 ga Nuwamba

Haulatu,

Wa alaikumus salam. Ƙafar da sauƙi.

Ban yarda ba, kuma kada ki sa sunana a ciki. Amma idan har kin yi taurin kan naki, ki tambaye shi ko Uwais ya taɓa ambatona, da kuma da wace irin murya. Kada ki gaya mini amsar sai na tambaya.

Bilqis

Old Airport
22 ga Nuwamba

Ja'afar,

Assalamu alaikum. Littafin na nan a ƙasan kula cikin leda. Na ga akwai haɗari ka bi da shi ta filin jirgi, don haka ka duba, in ka ga ba zai yiwu ba ka dawo mini da shi, zan adana maka. Shafin jana'izar ne kawai na so in cire in riƙe, sai na ga ba ni aka rubuta wa ba.

Akwai abin da ya kamata in faɗa maka tun watan Agusta, na aike ka sayen ruwa a maimakonsa.

Ja'afar, ya haƙuri? Ya muka ji da wannan rashi? Allah ya jiƙan Uwais, ya gafarta masa, ya gafarta mana baki ɗaya. Allah ya ba ka haƙurin rashinsa.

Yayar Uwais,
Haulatu

Mansura
23 ga Nuwamba

Anti,

Wa alaikumus salam. Haƙuri da godiya. Amin, amin.

A bakin aiki na buɗe takardar. Ban san lokacin da na zauna a kan matakala ba, har shugabanmu ya zo ya tsaya a kaina yana yalla, yalla, wai in tashi. Na ce masa ya yi mini uzuri, an yi mini rasuwa.

Ja'afar