Murfin Tanki

Asabar, 2 ga Maris
Motar Baba ta sake mutuwa. Minti goma da tashi, sai ta yi tari ta yi shiru, kamar kullum. Na canza fulogi, na wanke kafireta sau biyu. Baba na zaune a bakin gareji. Ran sha takwas za a yi masa aikin ido, kuma likita bai yi alkawari ba. Burinsa ɗaya ne: ya ga hanya daga cikin tsohuwar motarsa kafin ranar. Na ce ni zan kai shi.

Lahadi, 3 ga Maris
Ƙanwata Auta ta zo da mijinta, Akawu. Mutumin da bai taɓa ɓata farcensa da baƙin mai ba, wai zai taya ni.

Laraba, 6 ga Maris
Na dawo na tarar Baba ya ba Akawu dogon sukundireban nan mai jan hannu, yana koya masa ɗora bakinsa a kan injin, ya manna kunne a ƙota ya saurara. Ni sai da na shekara uku ina miƙo sifana kafin a bar ni in taɓa shi. Har "ɗana" Baba ya kira shi. Na ji haushi, ba zan ɓoye wa takarda ba.

Asabar, 9 ga Maris
Na canza famfon mai. Ta mutu a kwanar layinmu, muka turo ta. Akawu na turi yana dariya, ko gajiya ba ya yi, don neman suna.

Talata, 12 ga Maris
Akawu ya same ni ni kaɗai, ya sa na tayar da motar. Ya jira ta mutu, ya buɗe murfin tankin mai, muka ji ya ja iska fuuu. Ya tambaya, da ladabinsa mai ban haushi, ko murfin sabo ne. Sabo ne. Ni na saye shi saboda yana ƙyalli, na jefa na Baba a kwali. Ashe tsohon yana da ɗan ramin shan iska, sabon kuwa a toshe yake, mai ba ya iya gangarowa. Wata biyu ina kwance injin da lafiyarsa ƙalau.
Ya ce, "Yaya, ka mayar da tsohon kawai. Ba sai Baba ya ji daga wurina ba."
Da ya yi mini gori ma da ya fi sauƙi.

Laraba, 13 ga Maris
Na mayar da tsohon murfin, minti arba'in ba ta yi tari ba. Baba ya dafa kafaɗata, ya ce dama ya san hannuna. Akawu na gefe yana goge fitila. Na karɓi yabon. Abincin rana bai shiga ba.

Asabar, 16 ga Maris
Mun fita da Baba da hantsi. Na ce wuyan hannuna ke ciwo, na miƙa wa Akawu makulli, na shiga baya. Yana sa giya kamar mai tsoron ta cije shi. Baba ya sauke gilashi yana karanta allunan shaguna da ƙarfi, wanda ya gagara ya ƙirƙira.
A hanyar dawowa na ce, "Baba, murfin tanki ne. Akawu ne ya gano."
Baba bai juyo ba. Ya ce tun ranar da na ɗaura sabon bai ƙara jin warin mai a gareji ba, yana jira ne ya ga wanda zai faɗa masa.
Hannuna lafiyarsa lau. Sukundireban yana motar Akawu, ban ce ya dawo da shi ba. Tukuna.