Sauro Ya San Jinina

Lahadi

Zuwa ga Gwaggona abar ƙauna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da duk mutanen gida. Yaya idon? Umma ta ce tun da aka yi miki aikin har zare kike sa wa allura da kanki, shi ya sa ban ƙara girman rubutuna ba. Mu nan lafiya lau, sai sanyi.

Addu'arki ta karɓu. Na gama karatun haɗa magunguna, yau sati shida ke nan da fara aiki a ɗakin magani na asibiti. Har yanzu sau uku nake karanta takardar likita kafin in miƙa wa mutum magani, abokan aiki suna ta yi mini dariya. A gida ma ban tsira ba, Baba ya laƙaba mini Malama Ƙa'ida.

To Gwaggo, ga ƙanenki Baba nan tafe gida bayan shekara goma sha tara a ƙasar waje. Shi zai kawo miki wasiƙar, shi ya sa na manne bakin ambulan sau biyu, na san halin kayana. Allurai dai an yi su bayan an kai ruwa rana. Ta ciwon shawara sai ta kwana goma a jiki kafin a karɓi katinta a filin jirgi, ni kuwa na kai shi saura kwana goma sha shida. Mutumin da yake juya doguwar bas a lungu da hannu ɗaya, da ya ga allura sai ya shiga tambayar nas lafiyar iyalinta ɗaya bayan ɗaya. Katin yana cikin fasfonsa, na ɗaure da roba.

Abin da ya dame ni zazzaɓin sauro ne. Shi ba a yi wa matafiyi allurarsa, ƙwaya ake sha kullum. Da na kawo masa kwalin sai ya ture shi gefe, ya ce, “Uwata, a can aka yanke cibiyata. Sauro ya san jinina, ni ma na san nasa.” Na yi masa bayani cewa juriyar da jikin mutum yake samu don yawan cizo ba gado ba ce, tana gushewa idan ya daɗe da barin wurin. Ke da kike zaune can kina da ita, shi ya rasa tasa tun ina rarrafe. Ya ce to a makaranta har rashin kunya ake koyarwa? Amma ya karɓa, don Umma ta harare shi.

Ƙwaya talatin ne cif. Biyu kafin ya tashi, ashirin da ɗaya na kwanakin da zai yi wurinki, bakwai bayan ya dawo. A sha da abinci, lokaci ɗaya kullum. Na zana miki jadawali a bayan takardar nan. Don Allah kowace safiya ki ga ya haɗiye da idonki, sannan ki ja layi. Duk duniya ke kaɗai yake tsoro.

Ki gaishe da kowa da kowa.

'Yarki,
Auta

Laraba

Gwaggona,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, da ƙafa da ido. Mayafin da kika aiko mini ya iso, ya yi mini kyau ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Wannan karon hoton wasiƙar zan ɗauka in turo ta waya, maganar ba ta jiran gidan waya. Na kasa kira ne don na san kuka zan yi, ba za ki gane komai ba.

Baba ya dawo kwana tara da suka wuce, ya yi ƙiba, bakinsa bai rufu da labarinku ba. Jadawalin ya dawo da layi ashirin da ɗaya a rubutunki, babu gibi. Na ji daɗi har na manna shi jikin firij. Sai da na zo kwashe kayan jakarsa na ga kwalin babu komai a ciki. Gwaggo, ya kamata a ce saura bakwai. Na tambaye shi, ya ce ya shanye, wataƙila Malama ce ta yi kuskuren ƙirga. Maganar ta tsaya mini a rai, don abin da nake tsoro ke nan tun da na fara aiki. Washegari na duba takardar da aka ba da maganin a kanta, talatin ne. Idan mutum yana shan ɗaya kullum, ba yadda za a yi talatin su ƙare a kwana ashirin da uku.

Jiya da la'asar ya dawo daga aiki yana rawar sanyi. Na auna zafin jikinsa, digiri talatin da tara saura kaɗan. Ya ce mura ce, rabin direbobin tasharsu ma tari suke. Umma ta goyi bayansa. Na ce duk wanda ya dawo daga ƙasar sauro ya yi zazzaɓi, to sauro ake fara tuhuma sai gwaji ya wanke shi. Na ɓoye makullin motarsa a aljihuna, ban ba shi ba sai da ya yarda muka tafi asibiti yau da safe.

Likitan babba ne, furfura har a gira, kuma layin masu mura ya kai bakin ƙofa. Ya duba maƙogwaron Baba, ya fara rubuta maganin mura. Baba ko tafiyar bai ambata ba. Sai na faɗi ranar tafiya, da ranar dawowa, da batun ƙwayoyin da suka ɓace. Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau, sannan ya sa aka ɗebi jini.

Sakamako ya fito, ba a ga komai ba.

Baba ya yi mini dariya tun daga asibiti har gida, yana yi yana tari, wai a ba Malama Ƙa'ida hutu ta je ta ƙara karatu. Umma ta ja ni kicin ta ce in daina kunyata mahaifina gaban mutane, ya rasa aikin yini guda a banza. Amma abin da aka koya mana shi ne gwaji ɗaya ba ya wanke mutum, ƙwayar cutar tana iya yin kaɗan a jini da farko, sai an maimaita bayan awa goma sha biyu zuwa ashirin da huɗu. Gobe da safe zan mayar da shi ko da zai yi fushi da ni shekara. In na yi kuskure, dariya ce kawai za ta ƙaru. In kuwa ban yi ba, irin wannan zazzaɓin kwana biyu ya ishe shi ya taɓa ƙwaƙwalwa.

Ba zarginki nake ba, Gwaggo, na san kin ja layin da gaskiya. Ki dai tuna mini, ina ƙwayoyin nan suka shiga?

'Yarki,
Auta

Juma'a

Gwaggona ta kaina,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaishe da mutanen gida da maƙwabta, musamman telan da yake jikin katangarku, za ki ji dalili. Ki share hawayenki, ƙanenki yana falo yanzu haka yana faɗa da Umma a kan gishirin miya.

Ran Alhamis ɗin can ba sai da na roƙe shi ba, don ko takalmi bai iya sawa da kansa ba. Likitan ya ce shi ma ya kwana da maganar a ransa. Gwaji na biyu ya nuna ƙwayar cutar, kuma mai tsananin ce. Nan take aka ba shi gado aka fara yi masa allura ta jijiya. Kwana huɗu ya yi. Ranar sallama likitan ya tambayi Baba wace ce ni a wurinsa, ya ce autarsa ce. Ya ce, “To ka riƙe ta da kyau. Da kun jira zuwa Asabar, da ba a wannan ɗakin za mu yi magana ba.” Umma ta kama hannuna ta matse har ya yi ciwo. Tun ranar ni ake fara zuba wa abinci.

Saƙonki ya zo kina rantsuwa kin ga yana haɗiyewa kullum. Gaskiyarki. Shi da kansa ya tona asirin a gadon asibiti. A kwana na goma sha ɗaya ya leƙa wurin tela ya tarar da shi kwance da zazzaɓi, ga matarsa ma haka. Ya ce mutum ya zo daga nesa da magani a jaka, maƙwabcin yayarsa yana nishi, da wane ido zai dube shi? Sai ya juye musu sha bakwai ɗin da suka rage. Abin da yake haɗiyewa a gabanki kuwa, na hawan jininsa ne. Wai ya lura sabon idon naki bai kai ga bambance ƙwaya da ƙwaya daga ƙofar ɗaki ba. Wannan tsakaninku ne, ni ba ruwana, amma ya ce kada in ba ki lambar sabuwar wayarsa. Tana ƙasan takardar nan.

Na so in yi masa faɗa, na kasa. Na dai gaya masa cewa kyauta irin wannan tana iya cutar da wanda aka ba, tunda ba a auna shi ba, ba a kuma san adadin da ya kamata ya sha ba. Don Allah ki ce wa tela da maiɗakinsa, in zazzaɓin ya dawo su je a gwada jininsu. Baba yana ta tambayar lafiyarsu.

Ga abin da ya sa na zauna rubutu. Jiya ina bakin tagar ba da magani sai ga Baba da rigar sanyi biyu, yana jaye da abokin aikinsa, wani dogon direba da zai je ganin gida wata mai zuwa. Mutumin yana ta cewa shi fa ba ya buƙata, a can ya girma. Baba ya daka masa harara, ya ce juriya ba gado ba ce, tana gushewa, ƙwaya biyu kafin tafiya, bakwai bayan dawowa, kuma ba a kyauta da ita. Kalma ɗaya bai canza daga maganata ba. Ya juyo ya ce wa shugabar ɗakinmu a bar Malama Ƙa'ida ta ƙirga da hannunta, ita ba ta kuskure. Abokan aikina sun ji sunan, ya bi ni ke nan har abada. Na ƙirga sau uku, ba wanda ya yi dariya.

Yanzu ya leƙo yana tambaya ko ke nake rubuta wa. Ya ce in gaishe ki, in kuma gaya miki sauron gidanku ba shi da zumunci, shekara goma sha tara kacal ya manta da shi. Baɗi in Allah ya kai mu zai sake zuwa, tare da ni, kuma kwalin a jakata zai zauna.

Taki har kullum,
Malama Ƙa'ida