Biskit ɗin Kabewa na Rasti

Zuwa ga Yaya Darlene,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar taki, yaya Clyde da jikoki? Ni lafiya ƙalau. Aikin wanki a otal ɗin nan na jihar Oregon ba wuya, sai dai ɗakin da ya yi min shiru.

Damuwata Rasti ce, karen maigidana Wendell. Tun da muka binne Wendell muka taho nan yake ramewa, har ya yi kwana uku bai kalli kwanonsa ba. Sai na tuna duk lokacin kaka Wendell kan gasa masa biskit ɗin kabewa, na ce bari in gwada.

Na fara kwaɓi ke nan maƙwabciyata Opal ta shigo, ta ɗaga gwangwanin kabewar. "Loretta, kashe shi za ki yi? Wannan ai ta kek ce, da sukari da kayan ƙamshi! Shekara talatin da aure ba ki san kicin ba?"

Na ce, "Mai kicin ɗin ne ya tafi."

Ta je ta kawo kabewa zalla. Muka haɗa da fulawa da ƙwai da markaɗaɗɗiyar gyaɗa, muka yanka da bakin kofi, muka gasa.

Rasti ya shinshina, ya daɗe yana kallon ƙofa. Sannan ya ci huɗu.

Don Allah ki duba cikin kayan da na bari wurinki, akwai abin yanka biskit mai siffar ƙashi. Ki aiko min.

Ni ma na ci ɗaya. Ba gishiri, amma ya shiga.

Allah ya bar mu tare.

Ƙanwarki,
Loretta