Tafiretar Baba

Fagge, Kano.
12 ga Maris, 1975.

Zuwa ga Inna,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da Baba Raji da ƙannena. Yaya ciwon ƙafar nan? Yaya kasuwa? Allah Ya ƙara sauƙi, amin.

Inna, akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ƙarar nan da maƙwabta suke ji daga ɗakin marigayi Baba, har Malam Wali ya zo ya yi tofi a bakin ƙofa, ni ce. Ni nake buga tafiretarsa.

Kin san yadda Gwaggo Kubura take riƙe da ɗakin yayan nata. Shekara shida ke nan, ko hula ɗaya ba ta bari an raba ba. Kalanda tana nan a watan da ya rasu. Kullum da safe sai ta sauya ruwan butarsa, ta goge tabaraunsa ta mayar inda ya aje. An ce aurenta ma wata uku ya yi, ta dawo don babu mai tsare masa ƙofa idan yana rubutu. Yanzu da kowa yake rushe gidan ƙasa yana ɗora bene, 'yan kasuwar Kantin Kwari sun zo sau biyu suna son gidan nan, ko tabarma ba ta shimfiɗa musu ba.

A bango akwai hoton wata tsohuwar Baturiya da Baba ya zo da shi lokacin da ƙungiyar ma'aikata ta tura shi Rasha. Wai ƙanwar wani babban marubucinsu ce, ta ƙi aure, ta tsare gidan yayanta sama da shekara hamsin bayan mutuwarsa. Gwaggo tana gaishe ta kamar maƙwabciya. Ni ba na son idonta.

Kada ki yi mini faɗa, ina karanta littattafan soyayya na Turanci da Uchenna yake sayarwa a bayan rumfarku. Sai na ji ina son in yi nawa da Hausa. Idan Gwaggo ta yi barcin rana nakan zare mukulli in shiga. Labarin Aishatu ne da wani injiniya mai jan babur. Wata rana na manta shafi a jikin injin. Gwaggo ta kawo mini shi, ta ce in karanta mata, tunda ba ta yi boko ba. Da na gama ta ce alhamdulillahi, yayanta Sabo ya koma bakin aiki. Inna, ranar na fara ganin dariyarta. Na kasa faɗin gaskiya. Tun daga nan kullum sai na bar mata shafi ɗaya.

Shekaranjiya Litinin na shiga bayan azahar, na tarar da sabon shafi a injin. Wallahi ba ni na buga ba. Ci gaban labarina ne daidai inda na tsaya. Injiniya ya zo ya yi sallama, Aishatu ta ƙi fita. Ta kulle ƙofa, ta ɗauki tsintsiya tana sharar wani ɗaki har kanta ya yi fari. Kowane ɗigo ya huda takarda, irin bugun Baba. Yatsuna ba su da wannan ƙarfin.

Da na zo karanta wa Gwaggo sai na sauya, na ce Aishatu ta yafa gyale ta fita. Ba ta ko ɗago kai ba, ta ce ba haka aka rubuta ba, in sake. Na sake. Sai ta cire zaren mukulli daga wuyanta ta rataya mini, ta ce ita ta kusa hutawa.

Yau da safe na tsinci kaina tsugune ina zuba sabon ruwa a butar. Ba wanda ya sa ni. Da zan fita na ji bakina yana gaida Baturiyar.

Inna, ki zo ki ɗauke ni. Na san ni 'yar fari ce, tun yaye aka ba Gwaggo ni, ba kya kiran sunana, ba kya haɗa ido da ni. Ban taɓa jin haushi ba. Amma ina tsoron idan na ƙara mako ɗaya a gidan nan, ko kin zo ni da kaina zan ƙi fita.

Na so in aika wasiƙar nan ta gidan waya, amma ba ni da kwanakin jira. Gobe idan an tashi daga makaranta zan biyo ta rumfarki. Za ki juya mini baya ki hau jera kwanuka. Zan kama hannunki in sa miki ita, kuma ba zan matsa ba sai kin karanta a gabana.

Allah Ya bar mini ke.

'Yarki,
Ummakulsum Sabo